Jinin Lamba Sha Biyar

Litinin, 24 ga Yuni, ƙarfe 5:40 na yamma

Na dawo Kazaure daga Kanya Babba da kwalaben jini goma sha uku da ciwon kai. Dakta Halimatussa'adiyya, malamar da ke duba bincikena daga jami'a a Kano, ta ce in riƙa rubuta komai a littafin aiki. Wannan ba shi ba ne. Wannan nawa ne, babu mai gani, don haka zan faɗi gaskiya: mutanen garinmu sun fi na Roni ba ni wahala.

A Roni, makon jiya, bayani ɗaya na yi, mutum goma sha huɗu suka naɗe hannun riga. A Kanya kuwa, inda aka haife ni, na tarar da manoma a gindin darbejiya kowa na kallon ƙasa. Na ce bincike ne a kan masu feshin maganin ciyawa, jini cokali biyu kacal. So muke mu ga yadda fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki, suke kare kansu idan guba ta matsa musu. Wani ya ce, "Zulaikha, jinin nan ina za a kai shi?" Na ce Kazaure. Ya ce, "To daga Kazaure fa?" Aka kwashe da dariya. Saura kaɗan in tattara kayana.

Sai ga Baba. Ban ma san ya fito ba. Duk Kanya an san yadda muke da shi: ni ce 'yar farin Baba Kura, shekara talatin da ɗaya bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. In zai yi mini magana sai ya juya ga wanda ke kusa. Yau ya juya ga Haladu, maƙwabcinmu na gona, ya ce, "A gaya wa ma'aikaciyar ta fara da ni." Ya zauna a benci ya miƙo hannu, fuskarsa na kallon bango. Na sami jijiyar a karo ɗaya. Da ya tashi, sauran suka yi layi kamar ba su ne suka gama yi mini dariya ba.

Akwai takardar tambayoyi goma sha biyu da ake yi wa kowa kafin a ɗibi jininsa. Ta tara tana cewa: maganin feshi ya taɓa shiga bakinka a makon nan? Ta goma a kan fitsari ce. Ta yaya zan durƙusa gaban Baba, a bainar jama'a, in ce yaya fitsarinku? Na ninke tasa na sa a jaka, na cike ta a mota. Ai na san amsoshin. Baba ba ya feshi da kansa, ƙanena Kashim ke yi masa.

Ya riƙe hankici a baki duk zaman da ya yi. Yayarsa Ya Kura, wadda ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Umma, ta ce zafi ne ya fito masa.

Talata, 25 ga Yuni, ƙarfe 11:00 na safe

Ɗakin gwajin da aka ba ni aro a bayan wani asibitin kuɗi ne, taga ɗaya, firiji mai aiki da hasken rana. In wuri ya yi tsit, ƙararsa kamar mutum yana gunaguni a ɗaki na kusa. Na saba.

Aikin ba wuya, haƙuri yake so. Jinin kowane mutum na ware fararen ƙwayoyinsa tun jiya da yamma, na raba su gida biyu. Kashi ɗaya na bar shi lafiya lau. Ɗayan na ɗiga masa ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, don in takura masa. Ƙwayar da aka takura wa takan fitar da wani furotin da take ɓoye da shi a cikinta, wanda aikinsa kashe ɓarnar irin wannan guba. Sunansa na Turanci ya fi tsawon layin nan, ni dai 'yan kwana-kwana nake ce masa. Yau na kwashe ruwan da ƙwayoyin suka kwana a ciki na daskarar. Ba za a buɗe farantin awo ba sai mutum arba'in sun cika, haka Dakta ta ce.

Babu suna a jikin kwalabe, lamba ce kawai, don kada mai awo ya san na waye. Roni ɗaya zuwa sha huɗu. Kanya daga sha biyar.

Laraba, 26 ga Yuni, ƙarfe 4:30 na yamma

Yau garin Gwiwa muka je. Ruwan sama ya tsare mu awa biyu a hanya. Da na zo tambaya ta tara, wani dattijo mai suna Daudu ya yi dariya har da tafa cinya. Ya ce, "Malama, wane ne bai taɓa ba? In bakin famfon feshi ya toshe, cirewa ake yi a busa. In ka ji ɗaci ka tofar, ka sha nono, shi ke nan." Na ce masa nono ba ya kashe wannan guba. Ya ce to ga shi nan zaune.

Arba'in sun cika.

Alhamis, 27 ga Yuni, ƙarfe 3:15 na rana

Farantin awon yana da ƙananan ramuka a jere, kowane mutum rami biyu: na hagu wanda ba a taɓa ba, na dama wanda aka takura wa. In an zuba maganin ƙarshe, ramin da furotin ya yi yawa sai ya yi launi. Na hagu ya kamata ya zauna fari kamar ruwa. Na dama ya yi shuɗi a hankali, cikin kwatan awa.

Na zuba, na juya zan wanke hannu, na waiwayo. Ko minti biyu ba a yi ba. Duk farantin fari fat, sai rami ɗaya a layin hagu ya riga ya yi shuɗi, shuɗi mai duhu, shi kaɗai. Na tsaya ina kallonsa yana ƙara duhu. Sauran na dama suka fara tasowa a hankali yadda ya kamata, amma babu wanda ya kamo shi.

Layin hagu ne fa. Ban ɗiga musu komai ba. Ƙwayoyin nan ba wanda ya taɓa su, amma sun zubar da duk abin da suke da shi kamar gidan da wuta ta riga ta ci rabinsa.

Na ƙirga daga sama sau uku da bakin biro. Sha biyar.

Alhamis, ƙarfe 6:00 na yamma

Na kira Dakta. Ta ce, "Hannunki ne, Zulaikha. Kin ɗiga a ramin da bai kamata ba. Kowa ya taɓa yi. Ki sake gobe da ragowar." Na ce to. Ta ce, "Ba ki san na waye ba dai ko?" Na ce ai lamba ce.

Juma'a, 28 ga Yuni, ƙarfe 12:20 na rana

Na sake. Na canza safar hannu, na canza bututun ɗiga, na yi bismilla a kan kowane rami. Haka ya sake yi, har ya fi jiya sauri.

Na kira gida. Ya Kura ta ce lafiya ƙalau, sai dai Baba ba ya iya haɗiye tuwo, kunu kawai, shi ma sai ya huce. Ta ce an jiƙa masa bagaruwa yana kurkure baki. Na ce yana fita gona? Ta ce kwana uku bai fita ba. Akwai wata tambaya a bakina. Na ce a gaishe shi.

Asabar, 29 ga Yuni, ƙarfe 7:00 na safe

Hannuna ne. Dakta ta ce kowa ya taɓa yi.

Asabar, ƙarfe 2:00 na rana

Ba hannuna ba ne.

Lahadi, 30 ga Yuni, ƙarfe 6:15 na yamma, Kanya

Na shigo motar farko. Na sami Baba a zaure kan tabarma, ya jingina da bango. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Ya amsa wa tabarma, kamar kullum, amma muryar ba tasa ba ce, kamar yana magana da garwashi a baki. Fararen idonsa sun yi ɗorawa-ɗorawa. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya bar shaida.

Tun daga Kazaure nake haɗa maganar a raina. Baba, maganin feshi ya shiga bakinku? Kalma shida. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Yaya ƙarfin jiki?" Ya ce wa tabarma da sauƙi. Wallahi na ji haushin kaina har hawaye ya zo mini. Mace mai digiri biyu.

Na ja Kashim bayan rumbu na ce ya shiga ya ce Baba ya buɗe baki ya haska da waya. Ya fito fuskarsa a yamutse. Ya ce, "Yaya, harshen duk ya saɓule, fari ne kamar an zuba masa tafasasshen ruwa." Na ce ranar da aka yi feshin gonar gero kai ka yi? Ya ce Asabar ta wancan makon ya tafi Babura ɗaurin aure, da ya dawo ya tarar an riga an fesa.

Haladu ya ce shi daga nesa ya hango Baba da famfo a baya, ya ga ya tsaya ya cire bakin ya kai fuska, daga nan ya daɗe a sunkuye. Ya Kura kuwa ta ce ba haka ba ne. Ta ce an ɗura ragowar maganin a gorar lemo an ajiye a gindin bishiya kusa da ta ruwa, ita ta gani da idonta da ta kai abinci. Na ce wa ya ɗura? Sai ta juya harshe zuwa Barbarci, abin da take yi in ba ta son a ci gaba da magana.

Na je rumfar kayan gona na ga galan ɗin. Babu takarda a jikinsa, daga tsallaken iyaka aka sayo. Na buɗe. Ruwa ne kore mai duhu, mai wari. Na san shi. Mai ƙone ciyawa a yini ɗaya ne. A kansa na rubuta babi guda na bincikena.

Na ce Kashim ya gaya masa gobe za mu asibiti. Ina tsaye a bayan ƙofa na ji amsar: "In ma'aikaciyar ta ce a je, a je."

Litinin, 1 ga Yuli, ƙarfe 4:50 na yamma

An kwantar da shi a Kazaure. Likitan saurayi ne, bai san mu ba, bai san komai a kan 'yar fari ba. Ya ja kujera ya zauna gab da Baba ya dubi idonsa. Maganin ya shiga bakinku? E. Kun haɗiye? Kaɗan, bai kai kurɓa ɗaya ba. Yaushe? Asabar, kwana tara ke nan. Kun yi amai? Sau uku. Fitsari fa? Ya ragu tun Lahadi. Ko minti biyu ba a yi ba. Baba ya amsa duka, ɗaya bayan ɗaya, ba gardama. Ashe jira kawai yake a tambaye shi.

Ta yaya ya shiga, likita bai tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

A baranda likitan ya ce mini ƙodar ta taɓu, za a sa ruwa, za a fara allurai masu danne kumburi. Ya ce, "An ce ke ma'aikaciyar gwaji ce. Yaushe rabonki da shi kafin jiya?" Na ce Litinin da ta wuce. Ya ƙirga da yatsa, kwana biyu bayan abin. Ya dube ni, ya mayar da ido kan takardarsa. Na ce da an kawo shi ranar fa? Ya ce, "Da an fara alluran da wuri. Ban ce zai canza komai ba, ban ce ba zai canza ba."

Alhamis, 4 ga Yuli, ƙarfe 10:00 na safe

Ya samu sauƙi. Fitsari ya dawo, kumburin ƙafa ya saɓe, jiya ya ci ɗanwake guda huɗu. Ya Kura ta sa an yi waina an raba a ɗakin marasa lafiya. Kashim sai zolayata yake, wai likitar gida ta tsorata mutane a banza.

Na yi dariya tare da su. Na san abin da littattafai suka ce a kan wannan magani: baki ya warke, ƙoda ta farfaɗo, mutum ya tashi ya ci abinci, dangi su yi murna. Shi kuwa maganin tuni ya tattara ya koma huhu ya zauna. Ba kowa ba ne, in ji littattafan. Wanda ya sha kaɗan yakan tsira. Bai kai kurɓa ɗaya ba, da bakinsa ya faɗa.

Asabar, 6 ga Yuli, ƙarfe 1:30 na rana

An sallame shi jiya. Likita ya ce kada a yi nisa, don haka suna wurina, shi a ɗakina, ni da Ya Kura a falo. Bai taɓa shiga gidan da nake ba sai yanzu. Yana zaune a bakin gado kamar baƙon da ke jiran a ba shi izinin tafiya.

Kafin a sallame shi na roƙi nas ta ɗibar mini kwalba ɗaya. Ban sa mata lamba ba. Na duba ƙwayoyin a madubin gwaji kafin komai: manya, a kumbure, cikinsu duk ƙuraje-ƙuraje. Yau na auna. Ban ma gama ajiye bututun ba ramin ya yi duhu.

Na kira Dakta na gaya mata duka, har da takardar da na cike a mota. Ta ce lamba sha biyar za a cire shi daga binciken, sauran maganar sai mun haɗu. Sannan muryarta ta sauka ta ce, "Kin tuna abin da na koya muku a kan furotin ɗin nan in ya fita waje?" Na tuna. A cikin ƙwaya yana kashe wuta. In ya fito waje kuwa sai ya zama kururuwa, sauran ƙwayoyin jiki su ji su taho a guje, su cika wurin, su kumbura shi. A huhu, inda suka yi wannan taron, tabo ne ke zama, kuma tabo ba ya shaƙar iska. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya, Zulaikha." Ba ta taɓa yi mini magana a hankali haka ba, kuma ban so ba.

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe 5:50 na safe

Yana tari. Busasshe, babu majina.

Talata, 9 ga Yuli, ƙarfe 4:20 na yamma

Ta labule na ga ya yi sallar la'asar a zaune. Da ya idar ya daɗe yana haki kamar wanda ya hau dutse. Ya Kura ta ce sanyin damina ne. Na aro abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, na ba Kashim ya sa masa. Casa'in da ɗaya. Ni na gwada nawa, casa'in da takwas.

Duk gidan ba abin da ake ji sai numfashinsa. Ko ina ɗakin girki ina jinsa, ko famfo na zuba.

Alhamis, 11 ga Yuli, ƙarfe 3:00 na rana

Mun koma asibiti jiya. Hoton ƙirji ya fito da fari-fari a ƙasan huhu biyu, kamar an shafa alli. Likita ya yi waya da manyansa a Kano, suka ce maganin da za su ba shi can shi ne wanda ake ba shi nan, kada a wahalar da shi a hanya. Ya rubuta da jan biro a saman takardar gadon: kada a sa oksijin sai da izininsa.

Kashim ya karanta, ya ce bai gane ba. Gadon da ke kusa da namu wani tsoho ne da roba a hanci, tukunya na huci a gefensa, yana barcinsa. Baba kuwa na zaune ya dafa gwiwoyi yana jan iska da kafaɗu. Ya Kura ta kama hannuna ta ce, "Ke da kika yi karatun, gaya mini. Ga iska a tukunya, ga mutum na neman iska."

Na ce, Ya Kura, kun ga yadda fartanya ke tsatsa in an bar ta a waje? Iskar da muke shaƙa ce ke cin ta. Maganin da ke huhun Baba da iskar nan yake aiki. Duk wadda ta shiga sai ya juya ta ta zama abin da ke cin naman huhun. Jikinsa yana ta fitar da abin kare kansa, na gani da idona, amma an fi ƙarfinsa. In aka ƙara masa iska mai ƙarfi, zai ji daɗi yau, amma an ƙara wa maganin abinci ne. In aka bar shi a haka, wataƙila huhun ya tsaya inda ya tsaya.

Ta ce, "Wataƙila." Na ce e, wataƙila.

Asabar, 13 ga Yuli, ƙarfe 6:30 na yamma

Mun yi faɗa da Kashim, irin wanda ba mu taɓa yi ba.

Da rana na je gida ɗauko abinci. Na dawo na tarar ya shigo da tukunyar oksijin da ya samo a gari, ya jingina ta a bayan gado ya rufa mata zane, yana ƙoƙarin ɗaura robar. Nas ba ta nan. Na fizge makullin tukunyar daga hannunsa na jefa a jakata. Ya biyo ni baranda. Ya ce, "Ke wace irin zuciya gare ki? Tun jiya bai kwanta ba. Kina kallonsa kamar kwalbar gwajinki." Na ce ka kashe shi da hannunka in kana so, amma ba ina nan ba. Ya ce ai dama ba ki taɓa shaƙuwa da shi ba, ku biyun ko magana ba kwa yi.

Ban san lokacin da na gaya masa ba. Na ce ranar da na ɗebi jininsa kwana biyu ne da shan abin, hankici na bakinsa, tambayar na rubuce a hannuna, na ninke ta. Na ce kwana uku bayan nan jininsa ya nuna mini, na ƙara kwana uku ina cewa hannuna ne. Na zaci zai zage ni. Sai ya zauna a kan dakali ya ce, "Ni ma da ban tafi ɗaurin auren ba." Na zauna kusa da shi.

Da na koma ciki Baba ya juya ga Ya Kura, yana tsayawa bayan kowace kalma biyu, ya ce, "A bar ta. Abin da ta ce, shi za a yi." Ashe yana jin mu. Da ma zagina ya yi.

Lahadi, 14 ga Yuli, ƙarfe 8:00 na safe

Abin yatsa ya nuna tamanin da bakwai.

Litinin, 15 ga Yuli, ƙarfe 8:00 na safe

Tamanin da biyar. Makullin na jakata. Nakan sa hannu in taɓa shi.

Litinin, ƙarfe 5:00 na yamma

Tsohon da ke gadon kusa an sallame shi. Da aka kashe tukunyarsa ɗakin ya yi tsit, sai Baba kaɗai. Ya Kura na yi masa fifita, ta ce ko wannan iskar ma haramun ce? Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ce a'a, ku yi masa.

Kashim bai ƙara tayar da maganar ba. Tukunyar na nan a bayan gado da zanenta, likita ya gani bai ce a fitar ba. Wani lokaci in na shigo daga haske sai in ga kamar mutum ne tsaye a kan Baba.

Talata, 16 ga Yuli, ƙarfe 8:00 na safe

Tamanin da ɗaya. Leɓɓansa sun yi duhu. Ba ya iya gama salati ɗaya sai ya huta.

Laraba, 17 ga Yuli, ƙarfe 4:45 na yamma

An sake hoton ƙirji da safe. Wajen sha ɗaya likita ya leƙo ya yafito ni. Ya ɗaga hoton a hasken taga. Ban buƙaci bayani ba, farin ya hau har sama, baƙin da ya rage bai fi tafin hannu ba. Ya ce, "Yanzu a sa masa." Na ce ai kun ce zai ƙara cin huhun. Ya ce, "Abin da muke karewa babu shi kuma. A bar shi ya huta." Na ce kwana nawa? Ya ce kaɗan, sauran na Allah ne. Ya ce zai yi wa dangi bayani in ina so. Na ce a'a, ni zan yi.

Na shiga. Na yaye zanen, na ciro makullin daga jaka. Nas ta ɗaura robar, ta matsa ta ba ni wuri. Ni na murɗa.

Ba a yi minti goma ba kafaɗunsa suka sauka. Duhun leɓɓan ya washe. Ya jingina da matashi, karo na farko cikin kwana biyar, ya lumshe ido. Abin yatsan ya nuna casa'in da uku. Ya Kura ta ɗaga hannu sama tana hamdala da Hausa da Barbarci, ta juyo ta shafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka, dama ta san zan sauko. Can Baba ya buɗe ido ya ce wa Kashim yana son fura, mai sanyi.

Na ce ni zan yi bayanin. Tun sha ɗaya nake cewa yanzu, in ya gama sha, in Ya Kura ta idar da salla. Ya shanye furar tas, yana barci.

Kashim na baranda yana waya da mutanen Kanya, yana ce musu an samu sauƙi, a gaya wa Haladu ya duba gonar gero kafin su dawo. Ina jinsa daga nan. Ban fita na hana shi ba.